Tsumman Bakin Bututu

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gidan, lokacin da Auta ta shimfiɗa tabarma kusa da keken ɗinkinta. Tsohon keke ne na ƙafa da mahaifinta, Mai Famfo, ya sayo mata. Shekararta goma sha shida, yayyenta duk sun watse gidajensu, kuma wata guda ke nan tana zuwa koyon sana'a wajen wata tela a bakin layi. Telar ta ce mata wanda bai iya gajeren wando ba kada ma ya sa ran riga. Shi ya sa ta ƙudurta ɗinkinta na farko na Babanta ne, don wandon da yake shiga rami da shi ya yage har an gaji da faci.

Ta yi komai yadda aka koya mata. Ta ninke tsohon wandon biyu, ta jawo hantsarsa waje, ta ɗora shi a kan jarida, ta zagaye shi da alli. Ta bar tazarar yatsa biyu saboda ɗinki, a sama kuma ta bar faɗin tafin hannu saboda ƙubaka, inda mazagi zai shiga. Ta yanke takardar a hankali, harshenta a waje kamar mai zura zare a allura. Sannan ta jawo yadin da Umma ta ba ta, wani kakkaura mai launin toka, ta ninke shi. Tana ninkewa ta yamutsa fuska.

"Umma, yadin nan yana wani irin tashi."

"Ajiya ce," in ji Umma daga kicin. "Shekara nawa yana ƙasan akwatina? Yanka kawai, ba a koyon ɗinki da sabon yadi."

Ƙarya take yi, kuma gara a faɗi gaskiyar tun yanzu. Umma mace ce da ba ta zubar da komai. Gwangwanin madara, takalmi wari guda, ledar da ta huje, duk tana da inda take cusa su. Leda ma wanke ta take yi ta shanya a igiya kamar kayan salla. In ka ɗaga abu za ka jefa a shara, sai ka ji muryarta a bayanka: "Ajiye, zai yi rana." Mai Famfo ya ce a sayo yadi biyu sabo, ta ce wannan almubazzaranci ne, ita za ta samo.

A bayan banɗakin gidan akwai wani tsohon bututu mai faɗi da ya gangara cikin ramin masai. Waɗanda suka zauna a gidan kafin su ne suka toshe bakinsa da tsumma. Shekara shida Mai Famfo yana cewa zai shafe shi da siminti, amma bututun gari bai bar shi ya duba na gidansa ba. Wata safiya da ba kowa, Umma ta ɗauki sanda ta zaƙulo tsumman. Ya yi ta fitowa, dogo, yana yauƙi, kyankyasai suna zubowa daga ninkinsa, fararen tsutsotsi suna motsi a cikin baƙin taɓon da ya manne masa, ga gashi a dunƙule kamar an sharo shagon aski. Kowane mai hankali da zai saki sandar ya gudu ya amayar da karin kumallonsa. Ita kuwa ta tsuguna ta ja gefensa da hannu biyu, ta ji bai yage ba, ta ce, "Kai, yadi mai ƙarfi haka?" Ta wanke shi sau uku da garin sabulu, ta shanya a kan rufi, ta goge, ta jingina bulo a bakin bututun.

Wannan ne yadin da Auta ta ɗora takardarta a kai.

Almakashin yana shiga, wani nishi ya taso daga bayan banɗaki, dogo, irin na tsohon da aka yaye wa bargo. Auta ta tsaya, ta saurara. Shiru. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan wayar lantarki ma sun yi tsit. Ta ci gaba da yanka, kuma duk inda bakin almakashi ya bi, wari yana fitowa daga yankan kamar an buɗe murfin kwata. Ta gama gida huɗu, biyu na gaba, biyu na baya. Umma ta fito ta tattare ƙyallayen da suka rage, ta dunƙule su a gefen zani, ta yi kicin da su.

Ana fara kiran magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Na biyu ya faɗo a tsakiyar tabarma, dab da gwiwar Auta. Ba busasshen dutsen titi ba ne. A jiƙe yake, baƙi ƙirin, yana naso a tabarmar. Mai Famfo, da shigowarsa ke nan, ya ɗauka ya kai hanci, ya yar, ya goge hannu a bango. Shekara talatin yana aikin rami, ya san warin ƙasan masai in ya ji shi.

Ya leƙa waje, ba kowa a layin. Ya zagaya bayan banɗaki da tocila.

"Ina tsumman da ke bakin bututun nan?"

"Ɓeraye ne suka ja shi ciki," in ji Umma, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Ni na sa bulon."

Washegari Auta ta haɗa gaba da baya, ta bi lanƙwasar hantsa da keke, allura biyu suka karye. Zaren da ta sa fari yana fitowa ta ƙasa baƙi, a jiƙe. Da magariba ta yi, jifan ya dawo, kuma daga ranar bai ƙara fashi ba. Sai rana ta taɓa bakin katanga, gari ya yi wannan shirun da ba dare ba rana ba, sannan duwatsun su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. A rana ta uku suna zaune suka ga matakin keken yana hawa yana sauka shi kaɗai, allura tana sukar iska.

Warin kuwa ya zauna daram. Ya shiga labule, ya shiga matashi, ya shiga burodi. Ƙudaje masu koren baya suka yi sansani a kan igiyar shanya. In aka sauke shinkafa da rana, kafin la'asar ta yi yami tana zare. Maƙwabta suka fara wucewa ta ƙofar gidan da hannu a hanci, wata ma ta ɗaga murya ta ce gidan mai gyaran masai ai dole. Mai Famfo ya kwance duk wani bututu na gidan ya mayar, bai ga inda ya fashe ba. Abu guda ya yaba, ya ce kwana biyu ruwan randa ya daina zuwa da yashi, ko da yake yana da wani ɗanɗano a maƙogwaro. Umma ta ce sabon ruwan damina ne.

A rana ta biyar aka nemi Auta aka rasa. Yarinyar da ba ta taɓa yadi sai ta wanke hannu, wadda ke canza ɗankwali in ta ji gumi, ita aka samu a tsugune bayan banɗaki. Ta ture bulon, ta zura hannu cikin bututun har kafaɗa, tana ƙwaƙulo baƙin taɓo tana shafawa a wuya da ƙirji. Da ta ga mahaifinta sai ta kai yatsun baki ta tsotse, tana kallonsa. Ya juya ya dafa bango.

"Auta! Me kike yi haka?"

Muryar da ta amsa ba tata ba ce. Kakkaura ce, tana gurgura kamar ruwa a toshasshen bututu.

"Sanyi nake ji. Ku ba ni mayafina."

Suka kai ta asibiti, aka auna jini, aka duba kai, aka ce ba a ga komai ba. Suka dawo da ita. Ta daina cin abinci, ta daina yarda ruwa ya taɓa jikinta, yatsunta suka fara lanƙwashewa cikin tafin hannu har ba a iya buɗe su. Kullum magariba sai ta rarrafa bayan banɗaki tana maimaita maganar mayafi. Umma tana jin ta, ta kuma san wane mayafi ake nufi. Ta yi kuka, ba a ce ba ta yi ba, amma ta rufe bakinta gam, don tana ganin in maigidanta ya ji inda yadin ya fito ba za ta ƙara iya ɗaga ido a gidan ba. Kwana huɗu ta zaɓi kunyarta a kan 'yarta.

A rana ta tara, bayan la'asar, Mai Famfo ya shigo da wani malami, dattijo siriri mai farin gemu, ba jaka ba tarkace, sai carbi da ɗan hankici. Malamin ya yi sallama, ya tsaya a tsakar gida yana juya kai a hankali. Umma ta kawo masa ruwa a kofi. Ya karɓa, ya kai kusa da baki, ya dakata, sannan ya ajiye shi a ƙasa.

Aka fito da Auta aka zaunar a tabarma, mahaifinta yana riƙe da kafaɗunta. Malam ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba ya sauri. Ƙudajen suka tashi gaba ɗaya suka sake sauka. Can jikin yarinyar ya sandare, idanunta suka juye sai fari, wani baƙin ruwa ya gangaro ta gefen bakinta.

"Ya isa, dattijo. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me ka zo nema a jikin baiwar Allah?"

"Ni ne na cikin bututu. Shekara arba'in ina nan, tun kafin waɗannan su zo. Abin da suka zubar shi nake ci. Ban taɓa hawa tabarmarsu ba, ban taɓa leƙa tukunyarsu ba. Mayafi ɗaya gare ni a duniya, da shi nake tare iska. Aka fizge shi ina barci, aka wanke mini shi da sabulu, aka sa masa almakashi. Hannun da ya yanka nawa ne, da mai hannun."

"Yarinya ba ta san abin da ta yanka ba," in ji Malam. "Wa ya ɗauko?"

Kan Auta ya juya a hankali, fararen idanun suka tsaya a kan Umma.

"Tambayi mai sanda."

Umma ta buɗe baki za ta sake kawo zancen akwati. Malam ya ɗaga hannu.

"Baiwar Allah, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗi."

Ta faɗa, kanta a ƙasa, tun daga sandar har zuwa dutsen guga. Mai Famfo ya dubi wandon da ke rataye a kan keke, wanda saura ƙiris ya sa a jikinsa.

"To ka ji," Malam ya ce wa mai maganar. "An zalunce ka, ban musa ba. Amma yarinyar ba za ka tafi da ita ba, ko za mu kwana a nan ina karatu. Faɗi abin da zai yiwu."

"A mayar mini da shi yadda yake."

"Abin da almakashi ya raba ba ya komawa. Faɗi wani."

Inuwa ta riga ta haye keken. Sai muryar ta sauko, har da wata 'yar kunya a cikinta.

"Na ga abin da take ɗinkawa. Ban taɓa sa wando ba. A gama mini shi, da hannun da ya fara. Sannan duk ƙyallen da aka rage, komai ƙanƙantarsa, a dunƙule a sa mini a ciki kafin rana ta faɗi. In ɗaya ya ɓace, yarinya tawa ce."

"In an cika maka, za ka fita, ba za ka dawo ba, kuma za a shafe bakin bututun."

"A shafe. Ni ma na huta da ku."

Malam ya sa shi ya rantse sau uku. Sannan yatsun Auta suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Hannuwa da ƙafafu kawai na cikin bututun ya sakar mata, fuskar tana nan tasa. Aka ɗora ta a kujerar keke. Abin ba daɗin gani: ido fari fat yana kallon sama, baki yana dalala, hannuwa kuwa suna aikinsu tsaf kamar na mai hankali. Ta haɗa cikin ƙafafun wandon da layi ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Ta kalmashe ƙasan kowace ƙafa sau biyu ta bi da keke. Ta ninko sama ta yi ƙubaka, ta bar 'yar ƙofa, ta ɗaura mazagi a tsinke ta zura shi har ya zagayo. Ta ciji zaren da haƙori. Wando ya fito, ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, irin na ɗan koyo.

"Saura ƙyallaye," in ji Malam.

Umma ta shiga kicin ta fito da na farko, ya yi baƙi da maiƙo. Da shi take sauke tukunya. Ta koma ta kawo na biyu, wanda take goge kwanukan abinci da shi bayan an wanke. Mai Famfo ya rufe ido. Ta shiga ɗaki, aka ji tana farke wani abu, ta fito da tarin ƙanana a tafin hannu.

"Waɗannan kuma daga ina?" Mai Famfo ya tambaya.

"Matashinka ne ya lotsa, na ƙara masa."

Ya kai hannu ya shafa kuncinsa, ya dubi hannun kamar ba nasa ba.

Aka tura su duka cikin wandon. Hancin Auta ya buɗe, ya ja iska.

"Saura ɗaya."

"Ba saura," in ji Umma da sauri. "Wallahi iyakarsu ke nan da na..." Ba ta ƙarasa rantsuwar ba.

"Saura ɗaya, mai faɗin tafin hannu biyu. Ina jin sa a jiƙe."

Rana ta taɓa bakin katanga. Dutse ya faɗo a kan rufi, wani ya bi shi. Yatsun Auta suka fara komawa ciki, ƙaramin ya lanƙwashe, na kusa da shi ya bi. Umma tana tsaye tana murza gefen zani, tana duban mijinta, tana duban ƙasa. Duk ƙazantar da aka gani a gidan nan cikin kwana tara, ba wadda ta kai wannan tsayuwar tata. Uwa ce, 'yarta tana zamewa a gaban idonta, ita kuwa tana auna abin da za a ce da ita.

"Ke!" Mai Famfo ya daka mata tsawar da bai taɓa yi ba. "Yarinyar za ta tafi!"

Sai a lokacin ta ruga. Aka ji ta ture randa, ta laluba bayanta. Ta fito da ƙyallen a ninke, yana ɗigar da ruwa a kan ƙafarta.

"Me kike yi da shi a bayan randa?" in ji Mai Famfo.

Ta amsa ba ta dube shi ba.

"Da shi nake tace ruwan sha. Kullum da safe. Saƙarsa ta fi kama yashi."

Mai Famfo, mutumin da ya sha shiga masai har wuya ya fito ya ci abincinsa, ya durƙusa a bakin kwata ya yi ta kelaya amai har sai da ba abin da ke fitowa. Malam ya sa hankici a baki, ya ɗan matsar da kofin da aka ba shi da gefen ƙafa.

Fuskar Auta ta yamutse, leɓenta ya ɗage. Mai bututu ne ke jin ƙyama.

"Tir," ya ce. "Ni da nake kwana cikin kashinku, shekara arba'in ban taɓa kai wannan ƙyalle bakina ba. Ku ba ni kayana in tafi, kada ku shafa mini wani abu."

Malam ya cusa ƙyallen cikin wandon, ya ƙulle mazagin, ya miƙa wa Mai Famfo. Shi kuma ya tashi yana layi, ya zagaya bayan banɗaki, ya tura ƙullin cikin bututu. Bai kai ga saki ba ya ji an karɓa daga ciki, a hankali, kamar yadda ake karɓar kaya a hannun tela. A tsakar gida Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin keken. Ƙudajen suka tashi suka haye katanga. Aka fara kiran magariba, kuma ba dutsen da ya faɗo.

Mai Famfo bai jira gobe ba. Ya kwaɓa simintin da ya yi shekara shida yana alkawari, ya shafe bakin bututun, ya ƙara wani a kai. Malam ya yi addu'a, ya shafa kan yarinyar, ya ce a yi mata wanka da ruwan wani gida. A bakin ƙofa ya juyo ya dubi Umma, sai ya girgiza kai ya sa takalminsa.

Can Auta ta buɗe ido, nata na gaske, baƙaƙe, a gajiye. Ta dubi hannuwanta da baƙin da ke ƙarƙashin faratanta, ta dubi mahaifinta. Leɓɓanta sun bushe sun tsage.

"Ruwa," ta ce.

Umma ta zabura. Ta ɗauko sabon kofin da take ɓoyo saboda baƙi, ta wanke shi sau uku, ta tara a bakin famfo kai tsaye, ta kawo da hannu biyu, ta durƙusa.

"Ungo, 'yar auta. Wannan mai kyau ne, daga famfo na tara, kin gani."

Auta ta dubi kofin, ta dubi hannun da ke riƙe da shi, ta daɗe tana dubansa.

"Ina ciki, Umma," ta ce a hankali. "Duk ina ji. Har lokacin da kika ce ba saura."

Ta kawar da kai, ta kama hannun rigar mahaifinta.

"Baba, je ka roƙo mini a maƙwabta."

Ya tashi ya fita da kofinsa na aiki. Umma ta zauna a durƙushe da ruwan a hannu, ba wanda ya karɓa, ita ma ta kasa sha.